Ranar da Nuhu Injiniya Ya Raba Mana Wuta a Kakuri

Duk faɗin Kakuri babu wanda ya ba Nuhu sunan Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, shi ya sayi fenti ya rubuta a ƙofar ɗakinsa, har da zanen walƙiya a ƙasa. Aikin da muka san ya yi a masaƙa shi ne canza ƙwan lantarki idan ya mutu, shi ɗin ma da aka zo rage ma'aikata a tamanin da huɗu sunansa ne na farko a takarda. Amma in ka ji shi yana zuba, sai ka rantse Turawan da suka kafa injinan wurinsa suke zuwa ɗaukar darasi.

Ɗakina yana jikin nasa, a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da famfo ɗaya tak a tsakar gida, don haka na ga aikinsa da idona. Ya gyara mini rediyo, tun daga ranar ba ta magana sai an kwantar da ita rub da ciki. Ya gyara wa wata maƙwabciyarmu fanka, ta koma juya wa mutane baya tana yi wa bango fifita. In ka yi ƙorafi sai ya ce, "Kai ba ka san fasaha ba. Haka ake yin su yanzu a Jamus."

A gidan muna da ciyayya. Kullum da yamma maza za su shimfiɗa tabarma, a fito wa kowa da kwanonsa, a haɗa a ci tare, Musulmi da Kirista. Shugaban tabarma shi ne Baba Usman, tsohon hedimanmu na sashen saƙa. Shi yake fara sa hannu, shi yake raba nama, shi yake yanke hukuncin miyar gidan wa ta fi gishiri. Da daminar tamanin da biyar ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Allah ya taimaka ƙafa ta dawo, baki ya daidaita, amma hannun dama ya dunƙule kamar mai ɓoye goro. Ba ya buɗuwa, ba ya jin zafi, ba ya jin sanyi.

Baba ya ce shi ba zai tsoma hannun hagu a kwanon jama'a ba. Mun roƙe shi, mun ce lalura ce, ko da cokali ne ya fito. Ya ƙi. Matarsa Dije ta ci gaba da fito mana da kwanonsa, shi kuma yana ciki shi kaɗai yana jin hirarmu ta taga. Haka muka yi wata bakwai. Gaskiya abin ya dame mu, har naman ma sai mu bar shi a kwano muna kallon juna, an rasa mai rabawa.

Akwai Sista Ruth a ɗakin ƙarshe, tana aiki a sashen gashi da motsa jiki na wani asibiti a cikin gari. Ita ta sa ake kai Baba can duk ranar Laraba, ni nake raka shi. A gida kuma ta ba shi aiki: kowace safiya Dije ta zuba wake a cikin kwanon gero, Baba ya yi ta lalube da mataccen hannun yana ƙoƙarin tsamo waken, sannan a goga masa tsumman ruwan ɗumi, a bi da na sanyi. Wata Laraba ina aikin safe, sai aka rasa mai raka shi, Nuhu ya ce shi zai je. Daga nan masifa ta samo asali.

Ya dawo idanunsa na ƙyalli, ko zama bai yi ba ya fara.

"Jama'a, na gano sirrin! Wani ɗan akwati ne bai kai rediyo ba. Waya biyu, a manna a hannu da jiƙaƙƙen ƙyalle, a murɗa. Wallahi na ga yatsun Baba suna motsi da kansu! Amma kun san zaluncin? Wutar ɗis-ɗis suke ba shi kamar ana ɗiga maganin ido. Minti ashirin, a ce sai wata Larabar."

Sista Ruth tana wanke kwanuka a bakin famfo, ta ce, "Ɗis-ɗis ɗin shi ne maganin, Nuhu. Tunatar da jijiya ake yi, ba gasa ta ba."

"Sista, da girmanki. Ke jinya kika karanta, ni wuta na karanta. Abin da kuke ba shi a shekara, ni a yini ɗaya zan ɗura masa."

"A ina ka karanta wutar?"

"A jikinta. Sau goma sha ɗaya tana ja na."

"To ai shi ne ya nuna."

Nuhu bai ji wannan ba, ya riga ya nufi garejin Oga Obinna, makanike, wanda shi ma a gidanmu yake da iyalinsa. Ya aro batirin Fijo. Ya samo koyil na tsohon babur, da abin ƙara murya na wata rediyo da ya kashe wa mai ita, da akwatin keken ɗinki. Ya saci cokulan Dije biyu daga kan shanya ya naɗe su da tsumma, ya ce su ne hannuwan injin. Kwana uku muna jin ƙwanƙwasa da ƙaurin roba. A rana ta huɗu ya fito da shi a kan kai, an rubuta a jiki da jan fenti: FARFAƊO LAMBA ƊAYA.

Obinna ya zagaya akwatin sau biyu ya ce, "Nuhu, abeg, batirin nan na kwastoma ne o. In ka kashe shi, ni da kai ne."

"Oga, wata rana za ka ba jikokinka labari cewa da batirinka aka fara."

Gwajin farko a kan kifin ƙanƙara aka yi. Hujjar Nuhu ita ce in injin ya motsa mataccen kifi, hannu mai rai ai wasa ne. Ya ɗora cokula, ya murɗa. Akwatin ya fara zizar ƙudan zuma, wani shuɗin tartsatsi ya yi tsalle, muka ja da baya duk muka rufe ido. Ko da muka buɗe, babu kifi. Kyanwar gidan ce take haye katanga da shi a baki.

Nuhu ya tafa hannu. "Kifi ya bar wurin ko bai bari ba?"

Gwaji na biyu zakaran Dije ne, ba da saninta ba. Zakaran bai mutu ba, alhamdu lillahi, amma tun daga ranar ya daina cara da asuba, sai rana ta take tsaka ya hau turmi ya yi ta yi. In kuwa ya hango cokali a hannun kowa, sai dai a nemo shi a bayan layin dogo. Dije ta bi Nuhu da muciya har bakin titi, shi kuma yana gudu yana cewa ai zakaran ya ƙara kuzari, kowa ma shaida ne.

Na uku shi ne Kofur Jethro, tsohon soja, mai gadin wani sito. Shi da kansa ya kawo kansa, don ya ji an ce babu namijin da zai iya riƙe cokulan.

"Ni da harsashi ya wuce ta nan," ya nuna kunnensa, "cokali zai ba ni tsoro? Kunna!"

Nuhu ya kunna. Kofur ya miƙe zumbur, ya buga ƙafa, ya ƙame, ya kurma ihun "Yessa!" da ba mu taɓa jin irinsa ba, cokula suka yi sama. Da ya dawo hayyacinsa sai ya gyara gashin baki ya ce shi bai ji komai ba, ɗan ƙaiƙayi ne kawai. Amma har yamma in ya ɗauki kofin shayi rabi ne yake isa bakinsa.

Duk wannan Baba Usman yana ji ta taga. Ranar Alhamis ya sa aka kira masa Nuhu, ni ma na bi don kada a ba ni labari. Muka same shi da kwanon gero a cinya, wake uku a gefe, aikin safiya guda.

Nuhu ya kalli waken ya girgiza kai. "Mutum na neman hannunsa, an ba shi aikin kaji."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Nuhu, tsakaninka da Allah, zan yi loma da hannun nan?"

"Loma, Baba? Ai dambe za ka yi."

Dije ta taso daga bakin murhu. "Malam, mutumin da ya haukata mini zakara za ka miƙa wa hannunka?"

"Dije, zakaranki ai ya ji wani abu. Ni wata bakwai ban ji komai ba."

Dije ta koma bakin murhu. Aka sa ranar Asabar bayan La'asar, lokacin da Sista Ruth take wurin aiki, wannan kuwa Nuhu ne ya zaɓa.

Mun zaci abin na cikin gida ne. Ina! Nuhu ya zaga kasuwar Kakuri, ya leƙa Makera, ya tsaya a ƙofar masaƙa lokacin tashi, yana shelar cewa ranar Asabar za a ga abin da asibiti ta kasa. Har gidan mai unguwa ya je ya gayyato shi babban baƙo. Kafin La'asar gidanmu ya cika maƙil, wasu a kan katanga, wasu a kan mangwaro. Wani ya zo da surukinsa mai ciwon baya, wata ta zo da agogon bango da ya tsaya. Dije, duk da tana ta mita, ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe cikin babbar roba ta ajiye a gefen tabarma, wai ko da Allah zai sa.

Nuhu ya fito cikin farar rigar da ya aro wurin masu gidan burodi, har da garin fulawa a aljihu. Aka zaunar da Baba a kujerar katako, aka naɗe masa hannun riga. Nuhu ya yi jawabi mai tsawo a kan jijiya, ya ce jikin mutum kamar gidan haya ne, wani ɗaki in fis ya ƙone sai a ja masa wuta daga maƙwabta. Sannan ya ɗauki wata doguwar waya ya ce wannan ta ƙasa ce, dole a ɗaura ta a ƙarfe. Ya duba ya duba, bai ga ƙarfen da ya yi masa ba sai bututun famfo.

Duk wanda ya zauna a gidan haya ya san yadda ake yi da famfo. Ruwa ba ya zuwa sai ya ga dama, don haka tun safe mata suke jera bokitansu na ƙarfe, wannan na jikin wannan, kowace ta san gurbinta, kuma ko gobara ake yi ba mai yarda a tsallake ta. Ranar layin ya kai bokiti goma sha biyar, na farko yana jingine da bututun.

Nuhu ya ce da ni, "Maƙwabci, kai ne mataimakin injiniya. Dama ƙari, hagu ragi. Kunna kaɗan ya ɗumama."

Na kunna. Akwati ya fara ziza. A daidai lokacin famfo ya yi tari sau biyu, ya feso ruwa.

"Ruwa ya zo!"

Mata suka manta da wani Farfaɗo. Ngozi, matar Obinna, ita ce ta farko a layi. Ta cafki bokitinta, ta ƙwala "Chineke!", ta yi jifa da shi. Ta biyu ta ga gurbi ya samu, ta cafki nata, ita ma ta yi sama tana salati. Ta uku ta zaci faɗa ake yi a kan layi, ta ɗaure zani ta shigo da ƙarfinta. Kafin ka ce me, mata biyar suna rawar da ba a kaɗa musu ganga ba, kowace tana zargin ta kusa da ita da mintsini, ruwa kuwa yana ta malala a tsakar gida har ƙarƙashin tabarma.

Ana cikin haka aka yi sallama, mai unguwa ya iso da mutanensa huɗu. Nuhu, ko me za a ce da shi, yana da ladabi. Ya tuɓe takalmansa na roba kamar yadda ake yi wa manya, ya tako cikin ruwan nan da ƙafa tsirara, cokali ɗaya a hannun hagu, ya russuna ya miƙa na dama.

"Ranka ya daɗe, barka da..."

Bai ƙarasa ba. Mai unguwa ya riƙe hannunsa, ko kuma in ce hannun ya riƙe mai unguwa. Hularsa ta yi gaba, carbinsa ya yi baya. Na bayansa ya kama shi don ya tare, shi ma ya shiga layi. Na uku ya kama na biyu. Kofur Jethro ya taho da gudu yana cewa a ba soja wuri, ya rungumi na ƙarshe, sai ga "Yessa!" ta sake tashi. Mutum biyar a jere, kowa yana karkarwa yana gaisawa da ɗan'uwansa, gaisuwar da ta ƙi ƙarewa.

Nuhu yana haƙora na haɗuwa ya ce, "Ra-ra-rage! Ha-hagu!"

Na murɗa hagu iya ƙarfina. Ashe Injiniya ya haɗa wayoyin a juye. Zizar ta koma kuka, layin mai unguwa ya ƙara sauri, na kan mangwaro suna ta tafi sun zaci cikin shirin ne. Obinna yana zagaye yana ihu, "Batirina! Matata! Batirina!", ya rasa wanda zai fara ceto. Zakaran Dije ya hango cokali, ya bi ta kan jama'a ya fice.

Sai ga Sista Ruth ta dawo daga aiki cikin fararen kayanta, jaka a kafaɗa. Ta tsaya ta kalli gidan. Ta bi ta gefen da yake busasshe, ta sunkuya, ta cire waya ɗaya daga kan batir.

Shiru. Layin ya watse, kowa ya zube inda yake. Nuhu ya yi taga-taga da baya, ya taka santsi, ya zauna daram a cikin robar miyar taushe.

Duk wannan bidirin, ko ƙyallen injin bai taɓa Baba Usman ba. Yana zaune a kujerarsa da hannun riga a naɗe, yana kallon mai unguwa na laluben hula a cikin kwata, yana kallon miyar da aka yi dominsa tana tsiyaya ta ƙafafun wandon Nuhu. Fuskarsa ta haɗe. Nuhu kuwa, daga cikin robar, gashin kansa a tsaye, kabewa a gwiwa, ya ɗago cokali.

"Baba, miƙo hannun. Yanzu ne ya ɗumama daidai."

Baba ya miƙe tsaye. Cikin fushi ya ɗaga hannu ya watsa wa Nuhu yatsu a fuska.

"Ungo naka, shashashan banza!"

Daƙuwa ce sosai, irin wadda ake yi wa yaron da ya gagari kowa. Jama'a suka fashe da dariya. Dije ce kaɗai ba ta yi ba. Ta dafe ƙirji ta ce, "Malam... da wane hannu ka yi?"

Baba ya juya ya kalli hannunsa. Na dama ne. Yana nan a sama, a buɗe, yana karkarwa. Ƙaramin yatsan ya ɗan makara a hanya, amma muna kallo shi ma ya iso.

Dije ta rangaɗa guɗa, Ngozi ta kama waƙar coci da jiƙaƙƙen zani, Kofur ya sara wa hannun. Sista Ruth ta jefar da jaka ta zo ta riƙe yatsun tana ƙirgawa, idonta ya kawo ruwa. Ta ce wata da watanni ke nan tana ganin alamar suna so su saki, wake da Laraba ba su tafi a banza ba, abin da ya rage kawai Baba ya manta da tsoro ya buɗe.

"Sake yi, Baba," in ji ta.

"Wa zan yi wa?"

Gidan gaba ɗaya, har da mai unguwa, aka nuna Nuhu. Baba ya sake watsa masa, wannan karon yana dariya har da hawaye.

Nuhu ya fito daga roba yana ɗiga, ya buɗe hannuwa ga jama'a. "Kun gani da idonku! Ko taɓa shi injin bai yi ba, iskar wutar kawai ya shaƙa! To ina ga an jona?"

"In ka sake jona ko da ƙwan fitila ne a gidan nan," in ji mai unguwa yana matse hularsa, "sai ka bar unguwar."

Sista Ruth ta ce a'a, ranka ya daɗe, kada a kore shi, yana da amfani. Buɗe yatsu irin wannan shi ne motsin da ake so. Daga gobe Baba zai riƙa yi goma da safe, goma da yamma, kuma tunda an ga wanda yake sa hannun ya buɗu, Nuhu ne zai riƙa tsayawa a gabansa. Nuhu ya ce ya karɓa, ai dama duk babban asibiti sai da injiniya.

Aka share ruwa, aka sake shimfiɗa busasshiyar tabarma. Miyar taushe dai ta tafi, sai Ngozi ta kawo ta agushi, Dije ta kwaso sauran tuwon daga tukunya yana tururi. Muka zauna, aka bar gurbin da aka saba bari. Ba wanda ya kira Baba, ba wanda ya kalle shi. Can sai muka ji ya ja tsaki, ya taho, ya zauna a wurinsa, ya wanke hannu.

Ya yi bisimilla ya kai hannun dama cikin kwano. Yatsun suna rawa, suka nutsa cikin tuwon a karkace. Sai ya fizge da sauri.

"Wash!"

Na jawo faifai zan yi masa fifita. Ya tare ni da gwiwar hannu, yana kallon jajayen yatsunsa kamar baƙin da ya daɗe yana jira.

"Bar shi," ya ce. "Wata bakwai ke nan ina so ya ƙona ni."

Ya mayar da hannun cikin kwanon.